Mai Karɓar Gaisuwar Waɗanda Bai Sani Ba

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, kuma a makon da ya wuce Kakana na wajen uwa ya riga mu komawa. Ya rasu a ɗakinsa, a ƙauyenmu na ƙasar Zurgu, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Da hantsi aka sallace shi, kafin azahar maza sun dawo daga maƙabarta, aka baza tabarmi a ƙofar gida tun daga bakin zaure har gindin darbejiya.

Ni ina cikin gida wajen mata, amma zauren gidan nan ba ya riƙe magana, duk abin da aka faɗa a waje sai ya shigo mana. Da farko gaisuwa ce irin ta kullum: ya haƙuri, Allah ya ji ƙansa, Allah ya sa can ta fi nan. Da zama ya yi nisa, aka sha kunu, sai bakuna suka saki. Na ji wani dattijo ya ce, "To, yau dai an yi zama a ƙofar gidan nan da mamaci na gaske." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake rufewa da istigfari. Wani ya ce, "Mutumin kirki ne, sai dai rediyo ta shiga kansa." Wani kuma ya ce shi bai taɓa ganin wanda ya ɗora wa kansa kayan da ba nasa ba kamar marigayin.

A cikin gida ma haka abin yake. Ƙanwar kakata, wadda ta zo daga Lausu, ta gyara zama ta ce, "Yana da tausayi, wannan ba za a hana shi ba. Amma tausayin nasa mai dogon zango ne, sai ya tsallake na kusa kafin ya sauka." Mata suka yi murmushi. Mahaifiyata, wadda ita kaɗai ta rage a cikin 'ya'yansa, ba ta ɗago kai ba, tana ta jan carbinta.

Ban ji haushin kowa ba, domin babu wanda ya yi masa ƙarya. Tsoro ne ya kama ni. Na hango cewa nan da 'yan shekaru, idan aka tuna shi, dariya za a yi a wuce, kamar yadda ake tuna mai taɓin hankali na gari. Shi ya sa na zauna in rubuta abin da na sani game da shi, ni jikarsa, wadda yake kira Amarya tun ina rarrafe, ni kuma ina kiransa Ango har ranar da ya bar duniya.

Ga abin da yake yi. Kaka yana da wata baƙar rediyo da aka ɗaure murfin batirinta da roba. Kowace safiya in ya dawo daga masallaci sai ya kunna ta ya ji labarun duniya. Idan aka ce ruwa ya ci wani gari, ko ƙasa ta girgiza ta rufe mutane a wata ƙasa mai nisa, ko jirgin ruwa ya kife da 'yan kasuwa, ko yaƙi ya kori jama'a suna mutuwa a hanya, sai ya kashe rediyon. Ya shiga ɗaki ya ɗauko doguwar tabarmar da ake ajiyewa don makoki, ya shimfiɗa ta a ƙofar gida, ya ajiye buta da ƙwaryar ruwa, ya cire takalmi, ya zauna a gefe guda ya bar sauran wurin saboda masu zuwa. A ranar ba ya taka gona sai bayan azahar. Zaman karɓar gaisuwa yake yi, na mutanen da bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, wani lokaci ma sunan garin nasu ba ya iya faɗarsa daidai. Ba kullum ba ne, don da kullum ne da bai taɓa noma ba. Sai labarin da ya tsaya masa a rai ya ƙi wucewa.

Abin da yake nema bai taɓa ɓoye shi ba. Mutum ɗaya yake so daga cikin mutanen garin, ya zo ya cire takalmi, ya zauna saboda waɗancan mutane, ya ce masa ya haƙuri. Mutum ɗaya tak, kuma ya yi shekaru masu yawa yana jira.

Mahaifiyata ta ce a farkon abin, da an hango tabarmar sai a rugo a guje, ana tsammanin rasuwa aka yi a gidan. In an zo aka tambayi wanda ya rasu, sai ya ce mutanen wani gari ne da ruwa ya ci. Sai a tsaya cirko-cirko, a ce Allah ya ji ƙansu, a juya ana haɗa ido. A hankali aka saba. Tun da na yi wayo, mai wucewa ko tsayawa ba ya yi, daga kan keke yake ɗaga murya, "Malam, yau kuma ina ne?" Kaka ya faɗa, shi kuma ya ce Allah ya kyauta, yana ci gaba da taka feda.

Idan na zo hutu daga gidanmu na Durba na tarar ranar zama ce, nakan ɗauki kujera 'yar tsuguno in zauna a bakin zaure ina kallon bayansa. Wata rana na ce, "Ango, ai ga ni na zo gaisuwa. Ya haƙuri?" Ya waiwayo yana murmushi. "Ke ba ki shiga lissafi, Amarya. Ke don mijinki kike zama. Ni wanda zai zauna don su nake nema."

Na taɓa tambayarsa inda abin ya samo asali. Ya ce a wata shekarar yunwa, yana saurayi, mutane suka riƙa gangarowa daga arewa a ƙafa, suna bin ƙauyuka suna neman abin sawa a baka. Wata safiya aka tsinci wata mata a gindin tsamiya a bakin hanyar Rano, rai ya yi halinsa. Babu ɗa, babu ɗan'uwa, babu kaya sai ƙoƙo. Tsofaffin mata suka wanke ta, aka haɗa likkafani, aka sallace ta, shi yana cikin samarin da suka haƙa kabarin. "Da aka gama," in ji shi, "sai jama'a suka juyo za su yi gaisuwa kamar yadda aka saba. Kowa ya miƙo hannu, aka rasa wanda za a ba. Muka tsaya muna kallon juna, daga nan kowa ya kama hanyar gonarsa. Amarya, hannun nan da na miƙa ranar, har yau ban ji na mayar da shi ba."

Liman ya taɓa yi masa magana cikin ladabi, domin Kaka ya girme shi. Ya ce addu'a ga mamata abu ne mai kyau, kuma ana yin ta a masallaci bayan salla ga duk wanda ya riga mu, ba sai an shimfiɗa tabarma ba. Kaka ya ce, "Na sani, Malam, ina wurin ake yin ta. Rabin masu cewa amin idonsu yana kan takalmansu." Liman ya yi dariya, bai sake ɗaga maganar ba, amma shi ma bai taɓa zuwa ya zauna ba.

Bayan na yi aure a Rano na sami waya mai nuna hoto, sai na zama ni ce mai kawo masa gani, shi yana da ji. Rannan na nuna masa bidiyon wani gari da ambaliya ta shafe, rufin gidaje kawai ake hange. Ni kam na riga na gan shi ba sau ɗaya ba, tsakanin tallan atamfa da wata mata mai koyar da girki, kuma kowa ya san halin ɗan yatsa, ya ture wannan ya jawo wancan. Ya karɓi wayar ya kai ta dab da idonsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "An ce mutum nawa?" Na faɗa masa abin da aka rubuta. Ya girgiza kai.

"Wannan ba ya shiga kai. In aka ce miki dubu, kamar an ce miki yashi ne. Sai kin tsinci ɗaya." Ya ɗora yatsa a kan wani rufin kwano. "Mai wannan gidan, akwai akuyar da ya ɗaure a turke ya ce da safe zai kwance ta. Matarsa ta jiƙa gero. Akwai yaron da aka yi wa alkawarin takalmi ranar kasuwa."

Na ce, "Kai Ango, ya aka yi ka sani?"

Ya ce, "Akwai gidan da babu irin wannan?"

Kada a ɗauka labarin waliyyi nake bayarwa. A cikin gida Kaka mutum ne mai tauri, ban taɓa jin ya ce wa kakata sannu da aiki ba. Wata damina ɗakinta ya yi ta yoyo, tana tarar ruwa a kwanoni, tana yi masa magana yana cewa gobe. Wata safiya ta leƙa ta ga ya shimfiɗa tabarma saboda ambaliyar da aka yi a wata ƙasa. Ta fito har zaure, abin da ba ta saba yi ba, ɗauke da kwanon da ya cika da ruwan yoyo, ta dire masa a gaba. "Malam, ga tamu ambaliyar. Ko sai an faɗe ta a rediyo za ka ji?" Bai tashi ba. Ya ƙarasa zamansa har azahar, sannan ya hau ya gyara rufin. Har ta rasu tana ba da labarin nan, kuma kullum a wurin "har azahar" take ɗaga murya.

Babban abokin gardamarsa shi ne wanzamin garin, sa'ansa kuma maƙwabcinsa, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Shi ya yi wa mahaifiyata askin suna, ni ma da aka haife ni a gidan shi ya yi mini. Shi yake yi wa Kaka aski duk ranar Juma'a da safe, kuma a ƙarƙashin askar nan suke faɗansu, lokacin da Kaka ba shi da damar juya kai. Na sha jin wanzamin yana cewa, "Kai dai ba ka gode wa Allah ba. Zuciya kamar zabirata ce, abin da za ta ɗauka take ɗauka. Da gangan Allah ya yi ta ƙarama, don ya tausaya mana. In na ce zan yi kukan duk wanda ya mutu a duniya, hannuna zai yi rawa in yanke maka kunne." Kaka ya ce, "Ban ce ka yi kuka ba. Cewa na yi ka zauna." Wanzami ya ce, "In zauna in ce maka ya haƙuri? Haƙurin me ka yi? Me ka rasa?" Daga nan sai wanzami ya ci gaba da askinsa.

Sau ɗaya na ga wani baƙo ya zauna a tabarmar. An faɗa a rediyo cewa fari ya kashe dabbobi a wata ƙasa har ana taka gawarwakinsu a hanya, Kaka ya ce su ma al'umma ne, ya shimfiɗa. Wani Bafulatani makiyayi da ya zo wucewa ya tsaya ya tambaya, da ya ji sai ya jingina sandarsa ya tsuguna a bakin tabarmar. Ya tambaya ko farare ne ko jajaye, Kaka ya ce ba a faɗa ba. Mutumin ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya tashi ya bi garkensa. Na ce, "Ango, yau dai ka samu." Ya ce, "A'a. Shanunsa ya tuna."

Kuma mutanen garinmu ba marasa imani ba ne, wannan dole in faɗa. Bayan rasuwar kakata, wata mata ta iso garin da 'ya'yanta ƙanana, sun gudo daga wani ƙauye na can yamma da 'yan bindiga suka ƙone. Kafin rana ta faɗi an tara mata gero da dawa da zannuwa, wata ta kawo tukunya, wani ya kawo itace, wanzami ya zaunar da yaran ya yi musu aski bai karɓi ko sisi ba. Kaka ya buɗe mata ɗakin kakata, ta zauna a ciki har ta ga kaka biyu, bai taɓa bari ta sayi hatsi ba. Ashe ƙauyen nasu shi ne wanda ya yi wa zama a makon da ya gabaci zuwanta, shi kaɗai. Ya ce wa wanzami, "Makon jiya na zauna saboda garinsu, ka wuce ni da zabirarka." Wanzami ya ce, "Makon jiya ban ga yaran ba."

Yanzu na zo kan ranar da ba a son tunawa a garin, wadda ko a wurin makokinsa babu wanda ya ambata.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne ɗan farin Kaka. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta Kaka ta wuce misali, ga shi kuma da jinin Fulani ta wajen uwa, abin ya haɗu. Bai taɓa ɗaukarsa ba yana jariri, bai taɓa kiran sunansa ba, ba ya cin abinci a inda yake. In dole ta sa zai yi maganarsa, sai ya ce "wancan" ya kau da kai. In Kawu ya zo gaishe shi, daga nesa yake tsugunawa, Kaka yana amsawa yana kallon katanga. Mu dai mun san yana sonsa ne saboda duk ranar da aka ce yana hanya, Kaka ba ya nisa da gida.

Kawu fataucin albasa yake yi zuwa Kudu, irin masu hawa saman kaya a babbar mota. Iyalinsa suna Kano. Wata safiya motar ta faɗi da su a wata gada, mutane da yawa suka rasu, aka binne su a can gaba ɗaya. Wani bawan Allah ya tsinci wayarsa, ya duba ya ga inda aka rubuta Baba, ya kira. Kaka yana da 'yar ƙaramar waya da muka saya masa, amma ɗauka kawai ya iya, bai iya kira ba. A lokacin matar nan mai gudun hijira ta riga ta koma wajen danginta, shi kaɗai ne a gidan. Ya ji saƙon, ya ajiye wayar, ya ɗauko tabarmar ya shimfiɗa, ya ajiye buta da ƙwaryar ruwa, ya zauna.

Mutane suka yi ta wucewa. Ranar kasuwar Rano ce, hanyar cike take. "Malam, yau kuma ina ne?" Ya ce, "Hanyar Kudu. Mota ce ta faɗi da mutane." Su ce Allah ya ji ƙansu, su wuce. Iyakar abin da bakinsa zai iya faɗa ke nan. Mutumin da bai kira sunan ɗansa ba yana raye, ba zai iya buɗe baki a bainar jama'a ya ce ɗana ne ya mutu ba. Yana jira ne wani ya ƙara tambaya ɗaya, ko ya dubi fuskarsa da kyau. Wanzami ma ya zo wucewa, ya tsaya har ya yi masa tsiya, ya ce ko yau ma mutanen rediyo sun hana shi zuwa kasuwa. Azahar ta yi, bai naɗe tabarmar ba kamar yadda ya saba, kuma ko wannan babu wanda ya lura da shi.

Sai wajen la'asar labarin ya iso kasuwa ta bakin 'yan albasa. Aka kira mahaifiyata a Durba, ta biyo ta ɗauke ni, muka hau babur ɗaya. Mun riga mutanen garin isowa, domin su suna kasuwa. Har abada ba zan manta abin da na hango daga nesa ba: doguwar tabarma, shi kaɗai a can ƙarshenta, inuwar darbejiya ta gusa ta bar shi a rana bai matsa ba. Mahaifiyata ta durƙusa a gabansa tana kuka. Ya dube ta ya ce, "Kin zo? Zauna. Ke ce ta farko."

Kafin magariba ƙofar gidan ta cika maƙil. Babu wanda ya iya haɗa ido da shi. Wanzami ya zo ya tsuguna, hawaye suna bin gemunsa. Kaka ya karɓi gaisuwar kowa, bai yi wa kowa gori ba, a ranar ko bayanta. Da na tambaye shi daga baya me ya sa bai aika a faɗa ba, cewa ya yi, "Da safe rediyo ta faɗi hatsarin. Ta faɗi yawan mutanen. Yana ciki, Amarya, an ƙirga da shi. Duk wanda ya wuce ni ya ji labarin."

Na ɗauka daga ranar zai bar wannan al'ada, ko kuma garin ya canza. Bai bari ba, garin kuma ya canza ta wata hanyar da ban zata ba. Yanzu da an hango tabarmar sai a sauka daga keke, a matso da sauri, a rage murya a ce, "Malam, na gida ne?" Ya ce a'a, mutanen wani gari ne. Sai ka ga kafaɗun mutum sun sauka, ya sauke ajiyar zuciya, wani har alhamdulillahi take suɓuce masa, sannan ya tuna ya ce Allah ya ji ƙansu, ya hau kekensa. Kaka ya gaya mini cewa wannan ta fi masa ciwo a kan wucewar da. "Da can ba su ji ba ne. Yanzu suna ji, su yi murna ba nasu ba ne." Amma kuma ya ce ba ya ganin laifinsu, shi ma da wani ne ya shimfiɗa, ba ya rantsuwa cewa hamdalar ba za ta suɓuce masa ba.

Shekarun ƙarshe sun yi masa tsawo. Sa'anninsa suka yi ta tafiya, idonsa ya yi rauni, gona ta koma hannun masu aro. Mun yi mun yi ya koma Durba wajen mahaifiyata, ya ƙi, ya ce in ya tafi wa zai riƙa buɗe gidan. Nakan je duk lokacin da na sami hali, in tarar da shi da rediyonsa, sun tsufa tare, sai an buga mata hannu take magana. Wani lokaci in na taho zan tafi, sai in waiwaya daga kwanar masallaci in hango shi a tsaye a bakin zaure, kuma kewarsa ta riƙe ni tun kafin in bar garin.

A daminar bana, kafin ya kwanta jinya, wayata ta yi ƙara da yamma. Lambarsa ce. Gabana ya faɗi, domin na san bai iya kira ba. Ashe wani mai wucewa ya roƙa ya danna masa. Muryarsa tana rawa, amma ba ta ciwo ba.

"Amarya, an zauna."

Na ce, "An zauna me, Ango?"

"Ruwa ya ci wani gari, na shimfiɗa. Wanzami ya zo. Bai tambaye ni ko na gida ne ba, bai tambaye ni komai ba. Ya ajiye zabira, ya cire takalmi, ya zauna. Tun hantsi har aka kira azahar. Da zai tashi ya ba ni hannu ya ce ya haƙuri." Sannan ya ce, "Kin ga, ashe ana iyawa. Ɗaukar lokaci kawai yake yi."

Ban taɓa jin farin ciki irin wannan a muryarsa ba, ko ranar aurena. Wannan shi ne zamansa na ƙarshe. Ko a kan gadon jinya ya sake maimaita wa mahaifiyata labarin, ya ce yanzu ko ya tafi ya san ya bar mutum ɗaya.

Ranar sadakar uku, da jama'a suka ragu, na fita zaure in gaishe da wanzami. Ya tsufa ƙwarai, hannun da ya yi wa rabin garin aski yanzu rawa yake yi. Na durƙusa na ce, "Baba, na zo in yi maka godiya. Ya kira ni ranar da ka zauna. Ka faranta masa rai fiye da yadda kake tsammani."

Ya murza bakin rigarsa.

"'Yar nan, kada ki gode mini a kan abin da ban yi ba. Ranar Juma'ar da ta gabaci wannan rana na yi masa aski. Kan nan na san shi tun muna samari, ko ido rufe zan aske shi. Da na dafa ƙeyarsa sai na ji ƙashi, naman ya tafi. Na san ba zai kai kaka ba. Da na fito na gan shi shi kaɗai a kan tabarmar nan, sai na kasa wucewa." Ya share ido da bayan hannu. "Mutanen da ruwa ya ci, Allah ya ji ƙansu, amma wallahi ko sau ɗaya ba su faɗo mini a rai ba. Shi nake kallo. Na so in gaya masa gaskiya, sai na ga yadda yake murna."

Na ce masa ya kyauta da bai faɗa ba. Ban sani ba ko haka ne, amma abin da ya zo bakina ke nan.

Da na koma cikin gida na tambayi mahaifiyata wane gari ne ruwan ya ci a ranar. Ta ce ya faɗa mata, amma ta manta. Na tambayi liman ta bakin ƙanena, na tambayi maƙwabta, kowa ya tuna ya ga tsofaffin biyu a zaune, har an yi ta mamaki, amma babu wanda ya riƙe sunan garin.

Allah ya ji ƙan Kaka, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da ɗansa a inda babu kunyar kiran suna. Allah ya ji ƙan mutanen wancan gari, ko ina ne.